Rabin Kek ɗin da Na Ba Inna

Tofa, daren Laraba, 24 ga Disamba

Na gasa kek ɗin Kirsimeti a tukunyar yashi, yadda mamata take yi a Kafanchan, da zabibin da na jiƙa a giya tun watan jiya. Ina saukewa Inna, mahaifiyar Alhaji mai gidan da nake haya, ta leƙo.

"Malam, wannan ƙamshi ai ya fi ƙarfin mutum ɗaya!"

Kunya ta sa na yanka mata rabi. Ta ce Alhaji zai yi sahur da shi, gobe yana azumin nafila.

Shekara uku da jefo ni makarantar ƙauyen nan, su kaɗai ke aiko mini naman Sallah. In na faɗa musu akwai giya a kek ɗin, ƙila su tashe ni daga gidan. In na yi shiru, na cuci Alhaji.

Fitilarsu ba ta mutu ba tukuna. Bari in sa takalmi.