Tsohuwar Rijiyar Bayan Gida

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba, ya Gwaggo da yara? Ni lafiya lau, sai dai kwanan nan abinci ba ya shiga. Kada Baba ya ji.

Malamin da ke duba bincikena kullum cewa yake: in an ba ka labari, tambayi wa ya faɗa, wa ya amfana. Ni da rawar kai na gwada a kan labarin Kaka, wai daji ya tarar ba kowa, ya sare ya kafa unguwarmu.

Makon jiya, a ɗakin adana tsoffin takardu, na ga sunayen magidanta goma sha bakwai da aka tasa daga wurin a shekarar da aka kafa unguwar. A ƙasa, a gurbin wanda ya karɓi filin, ga sunan Kaka da dangwalen yatsansa.

Malam ya ce in rubuta abin da na gani. Baba kuwa jira yake ya nuna wa abokansa littafin binciken. Takarda ma takan yi ƙarya, da haka nake lallashin kaina.

Allah ya rufa mana asiri. Don Allah ki keɓe da Gwaggo ki tambaye ta: tsohuwar rijiyar bayan gidanmu, wa ya haƙa ta, Kaka ne ko tarar da ita ya yi?

Ƙaninki