Anya Ba Man da Na Juye Ake Sake Sayar Min Ba?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu tarakta da waɗanda suka san harkar inji.

Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, a gonarmu da ke bayan Shabu, muna mu biyu, ni da makaniken da ke duba mana tarakta, aka yi mata juyen mai. Taraktar tsohuwa ce, ta marigayi mahaifinmu, ni ke kula da ita a madadin gida, da ita muke haro da huɗa, kuma in injinta ya buga a bana ba mu da halin tayar da shi. Man da ya fito baƙi ne ƙirin, mai danƙo, alhali bai daɗe a ciki ba. Makaniken ya murza shi da yatsu, ya shinshina, ya ce, "Oga, wannan ba sabon mai ba ne. Tsoho ne aka tace, aka ƙara masa man giyar mota don ya yi kauri. Ka ci gaba da shi, kafin a gama huɗa za ka neme ni a guje." Ya ce injin gas, wato dizal, irin wannan mai lamba 15W-40 yake so, a galan ɗin da ba a taɓa buɗewa ba.

Matsalar ita ce mai sayar min da man yayan matata ne, yana da shago a cikin garin Lafia, kuma tun da na karɓi taraktar a wurinsa nake saye. Ra'ayinsa kullum shi ne tsohon inji mai kauri yake so, yakan ce tsoho ba ya ƙoshi da koko sai tuwo. Gaskiya in an zuba man nasa hayaƙi yakan ragu, ƙarar ma takan lafa na ɗan lokaci. Da na kira shi na faɗa masa abin da aka ce, bai ɓata rai ba, dariya ya yi, ya ce makaniken so yake in zuba mai ruwa-ruwa hayaƙi ya fito fili ya samu aikin canza ringin inji, ya kira shi likitan da ke addu'ar annoba. Shi ma makaniken ba ya kiran Yaya da komai sai "Alhaji mai durom". A gabana ko gaisawa ba sa yi.

Ranar Litinin na biya shagon. Ƙofar baya a buɗe take, na hango jarkoki a jere, cikinsu har da wata ruwan ɗorawa mai igiya shuɗiya a hannu. Ni na ɗaura igiyar lokacin da hannun ya tsage, kuma a cikinta makaniken ya tafi da man da muka juye ranar Asabar, kamar yadda ya saba, wai kafintoci ke karɓa su shafa wa katako saboda gara. Nan na tuna cewa duk sayen da zan yi sai Yaya ya ce in dawo masa da galan ɗin da babu komai, kuma in haɗa da murfinsa. Na tambaye shi yadda jarkar ta zo shagonsa, ya ce, "Haba ƙanena, jarka ɗaya ce a Lafia?" Daga baya ya ce yakan sayi mataccen mai ne don masu buga bulo su shafa wa injinsu. Na san ana yin hakan, don haka ban iya ƙaryata shi ba.

Abin da na tabbatar shi ne jarkata ce. Ban ga ana tacewa ba, ban ga ana ɗurawa a galan ba. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, in bakinsu ɗaya, me ya sa makaniken ya tona? Ko sun ɓata ne, ko kuwa injin yake so in ba shi ya buɗe? Na faɗa wa matata a hankali, ta ce Yaya ne ya riƙe ta tun tana ƙarama, in na daina saye a wurinsa kamar na kira shi ɓarawo ne a gaban dangi, ta kuma roƙe ni kada maganar ta je kunnen ƙannena, alhali su ma suna da gado a taraktar.

To jama'a, wane mai ya dace da tsohon inji, mai kaurin ko wanda makaniken ya faɗa? Ta yaya ake gane man da aka tace tun kafin a zuba? In koma saye a wani wuri in yi shiru, ko in sanar da ƙannena, ko in haɗa su biyun a gabana kowa ya maimaita abin da ya faɗa?

Har yanzu taraktar tana gona babu mai a cikinta. Yau da safe Yaya ya aiko min da galan biyu, ya ce kyauta ne. Suna tsakar gida, ban buɗe ba.