Giɓin Askar Baba

Jibiya,
3 ga Oktoba, 1955.

Zuwa ga Yayana Uwaisu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da malaman da ke koya muku aikin asibiti a Katsina. Baba da Inna suna lafiya. An fara yankan gero a gonarmu ta Daddara, sai dai zafin rana ya yi yawa.

Yaya, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, ko Inna. Na taɓa zabirar Baba. Ba taɓawa kaɗai ba, na buɗe ta, na zaro askarsa mai ƙotar ƙaho, wadda ya gada wurin Kaka, na feƙe fensir da ita.

Na san dokar gidanmu, mace ba ta sa hannu a kayan wanzanci, ba sai ka tuna mini ba. Amma fensirin da ka aiko mini ne ya jawo. Taurinsa kamar icen kirya, wuƙar Inna ta ƙi cinsa, sai tauna shi take yi. Da Baba ya tafi sallar la'asar ran Alhamis na ce bari in yi sauri. Askar ta zame, bakinta ya bugi dutsen niƙa. Ta yi giɓi ɗan ƙarami, bai kai ƙwayar riɗi ba. Na mayar da ita inda take, ina cewa gobe Baba zai gani ya gyara.

Bai gani ba. Ya goga ta a fata kamar kullum, ya tafi bariki da ita.

Ka tuna Kofur Lado, mai tsaron shingen iyaka a hanyar Maraɗi? Mutum ƙato, muryarsa tana tsayar da jaki, amma fatar haɓarsa kamar ta jinjiri. Aikinsu bai yarda da gemu ba, dole ya yi aski duk bayan kwana biyu, kuma shekara shida ke nan ba wanda ke taɓa masa fuska sai Baba. Baba yakan ɗora masa tsumma mai ruwan ɗumi har gashin ya yi laushi, ya shafa kumfar sabulun salo, ya bi kwanciyar gashin sau ɗaya tak, ba ya komawa. Daga nan sai ruwan randa mai sanyi da ɗan man kaɗe. Da wannan askar mai ƙotar ƙaho yake yi masa, ba ya yi wa kowa da ita sai shi.

Ran Juma'a aka yi askin. Kafin a sauko daga masallaci haɓar Kofur ta ɗauki raɗaɗi. Ran Asabar ƙuraje suka feso tun daga muƙamuƙi har maƙogwaro, ga gumi yana shiga. Jiya Baba ya sake yi masa da askar nan, a kan ƙurajen. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji muryar Kofur a zaure yana cewa, "Wanzam, aski ka yi mani ko sassabe?" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Tun daga nan kowa a garin nan ya zama likita. Wani ya ce toka, wani ya ce lemon tsami. Wani direba ya ce man mota. Don Allah, Yaya, kai da kake karanta abin a littafi, me ake sa wa irin wannan? Ka ba direban motar gyaɗa amsa, kada ka yi irin taka ta sai bayan wata guda. Kuma kada ka gaya wa Baba komai.

Inna ta ce a tambaye ka ko kana cin abinci.

Ni ce ƙanwarka,
Fatu.

Jibiya,
12 ga Oktoba, 1955.

Zuwa ga Yaya Uwaisu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, takardarka ta iso, na gode. Amma shafi ɗaya da rabi duk faɗa ne, maganin kuwa layi uku. Na san na yi laifi. Da ban sani ba ai da ban rubuto ba.

Ka ce a bar aski kwana bakwai, a riƙa wankewa da ruwa mai tsabta, a ɗora tsumma mai sanyi, a shafa man kaɗe kaɗan, kada a sosa, kada a sa duk abin da ke zafi. Da sauƙi a takarda. Wa zai gaya wa Kofur? Ni da ko gaishe shi ba na iya yi?

Sai na bi ta wurin matarsa Hajjo. Na tsaya ƙofar ɗakinta da ɗan kaskon man kaɗe har ƙafata ta gaji kafin in iya yin sallama. Na gaya mata duk abin da ka ce, kaina a ƙasa. Ta yi ta sa mini albarka, ta ce ƙanwar likita ai likita ce. Washegari na koma in ji labari, na tarar ta kwaɓa man da kanwa. Kanwa, Yaya! Na ce don me? Ta ce, "Ke yarinya, na shafa masa bai ce ko wash ba. Maganin da bai sa mutum ya yi ƙara ba ina aikinsa?" To ya yi ƙarar. An ce har 'yan tsaron Faransa da ke wancan gefen sun leƙo.

Shi ma Kofur ɗin bai taimaki kansa ba. Ya ce ya bar wanzaman gargajiya. Ran Lahadi ya sayi reza a kasuwa wurin wani ɗan Maraɗi, da kwalbar turaren Faransa. Hajjo ta ce a tsaye ya yi askin, ba ruwa ba sabulu, yana kankarowa daga ƙasa zuwa sama, wuri ɗaya sau biyar, don wai ya fita sumul. Da ya gama ya kwara turaren a kai. Ta ce sai da ya zagaya rijiya sau biyu da gudu. Yanzu wuyansa ya kumbura, ba ya iya ɓalla maɓallin kakinsa na sama. Yana tsaye a shinge yana binciken buhunan mutane da hannu ɗaya, ɗayan yana susa. Fatake suna yi masa sannu suna danne dariya.

Da abin ya tsaya nan da ni ma na yi dariyar. Amma a kasuwar nan, gaban jama'a, Kofur ya ce hannun Baba ya ƙare, tsufa ya zo. Maganar ta zagaya. Jiya aka yi suna a Magama, a gidan da Baba ya yi wa uban yaron askin suna da hannunsa, amma wani wanzami suka kira daga Bugaje.

Baba bai yi musu da kowa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi. Yana zama a zaure yana miƙa hannunsa na dama yana kallo, wai ya ga ko yana rawa. Ba ya rawa, Yaya, ko kaɗan. Na ji yana gaya wa Inna cewa wanzamin da ya ɓata fuskar mutum sau biyu a jere bai kamata ya jira na uku ba, kuma tun da kai ka zaɓi allura, bayan an gama kaka zai rataye zabirar. Inna ta ce baki ne aka yi masa, ta turara zaure har muna tari.

Sau uku ina zuwa bakin zauren da niyyar faɗa. Na farko na ce masa ga ruwa. Na biyu na ce ga goro. Na uku ya ce, "Fatu, yau ruwan me kuma?" na juya da gudu. Kai da kake ta cewa in je in faɗa kawai, ba kai ne za ka tsaya a gabansa ba.

A gaida abokan karatunka. Kada ka ƙara aiko mini da irin fensirin nan.

Ƙanwarka,
Fatu.

Jibiya,
24 ga Oktoba, 1955.

Yayana,

Ina gaishe ka, ina fata zazzaɓin da ka ce ya taɓa ka ya sauka. Mu nan lafiya, an kai gero rumbu.

Kofur ya warke. Babbansu ne ya ga wuyan ya ce ya bar aski har mako guda, kada ya ƙara zuwa masa fareti da fuska kamar garwashi. Ni kuma na riƙa zuwa gidansu safe da yamma. Na roƙi Hajjo ta ba ni kanwarta da kwalbar turaren in ajiye mata, ta ba ni tana cewa ban da tausayi. Ruwan randa, tsumma mai tsabta, man kaɗe, shi ke nan. Kwana biyar ƙurajen suka kwanta. Yanzu tana gaya wa mata a bakin rijiya cewa dabararta ce. Na bar mata.

Ran Laraba da hantsi sai ga shi a zaurenmu, gemu ya fito masa buzu-buzu. Ya ce, "Wanzam, ka yi haƙuri da bakina. Rezar nan ta kusa kashe ni. Gobe Sufeto zai zo daga Katsina, in ba kai ba ban san inda zan kai haɓar nan ba." Baba ya ce ya nemi wani, shi bai yarda da hannunsa ba. Kofur ya ce ba zai tashi ba. Suka yi ta ja har Baba ya shigo cikin gida ɗaukar ruwan ɗumi, da zabirar a kafaɗa. Ina gani ya zaro mai ƙotar ƙaho, ya fara goga ta a fata.

Yaya, sabuwar fata a haɓar Kofur, ga askar nan za ta sake hawa kanta. In ta ɓaci wannan karon, Baba ba zai ƙara riƙe aska ba har abada. Ban san lokacin da na durƙusa a gabansa ba. Na ajiye guntun fensirin a kan tabarma, na ce, "Baba, askar tana da giɓi. Ni na yi." Abin da na iya faɗa ke nan, sauran kuka ne.

Na zaci duka. Bai ko ɗaga murya ba. Ya fita tsakar gida, ya ɗaga askar a rana, ya juya ta, ya matso da ita, ya nesanta ta. Ya daɗe. Sannan ya ja bakinta a hankali a kan farcen babban yatsansa, na ga inda ta ɗan tsaya. Ya ce, "Ga shi nan." Can kuma ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Ashe ba hannun ba ne. Idon ne." Wallahi da ya mare ni ya fi mini sauƙi. Kwana ashirin yana kallon askar nan kullum bai ga abin da ni na gani tun ranar farko ba.

Ya ɗauko dutsen washi ya zauna, Kofur yana ta kira daga zaure ko an manta da shi ne. Sai da giɓin ya ɓace sannan ya fita. Ina laɓe bayan zana ina ji. Tsumman ɗumi, kumfa, bin gashi sau ɗaya, ruwan sanyi, man kaɗe. Kofur ya nemi a ƙara bi don ya yi sumul saboda Sufeto, Baba ya ce, "In sumul kake so ga rezarka can." Yau kwana biyar, an yi masa aski sau uku, ko ƙurji ɗaya babu. Jiya a kasuwa shi ne ke miƙa wa mutane haɓarsa yana cewa su taɓa su ji. Bakin da ya ɓata shi ne yake gyarawa, kuma ko kunya ba ya ji.

Baba bai gaya wa Inna ba, ita har yanzu turarenta take yabo. Ni ma bai ƙara ce mini komai a kai ba. Amma tun ran Alhamis wani abu yake yi. Da rana ta fito sai ya shimfiɗa fata a ƙofar ɗakinsa, ya jera asakensa a kai, ya ce zai je ya duba akuya. Akuyar nan lafiyarta lau, Yaya, kuma a da bai taɓa barin aska a fili ba.

Ranar farko na wuce su da tsintsiya kamar ban gani ba. Rana ta biyu na tsuguna na duba bakin kowace a haske. Guda ɗaya, ƙaramar ta askin jarirai, tana da ɗan tabo. Na juya ƙotarta ta kalli bango, na ci gaba da shara. Da ya dawo ita ya fara ɗauka, ya kai ta kan dutse.

Don haka na yanke abin da zan yi. Kullum da safe zan duba masa su, muddin yana riƙe da zabirar nan. Ba zan gaya wa Inna ba, ba zan gaya wa kowa ba, shi ma ba zan sa shi ya roƙe ni ba. Kai kaɗai ka sani. In ka zo hutu ka yi masa maganar tabarau a hankali, kamar daga kanka ta fito. Kafin nan idona ya ishe mu.

Wannan takardar da alƙalamin kara na rubuta ta, ka yi haƙuri da ɗigon tawada. Allah ya ƙara maka lafiya, ya dawo mana da kai.

Ni ce taka,
Fatu.