Ƙasar Nan Tafiya Take, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan makwancinki a Balan yana cikin ni'ima.

Har kika rasu kina gaya wa matan unguwa wai aikina a Turkiyya duban taurari ne. To Inna, ƙasa nake duba. Akwai wata doguwar tsaga a ƙarƙashin garin nan. Mukan kafa ƙarfe cikin dutse a ɓangarorinta biyu, kamar turken akuyarki, mu ɗora masa na'urar da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam, ta gaya mana ko ya gusa. Yana gusawa, Inna. Na nesa da tsagar suna ta tafiya, na bakinta sun cije. Ranar da za su saki, ba wanda ya sani, har mu masu awon.

Kin tuna in hadari ya taso daga gabas? Kya jefar da taɓarya, ki kwaso mu kamar 'yan tsaki. "Ku shige ɗaki! Ɗaki ne rufin asiri."

Makon jiya da hantsi ƙasa ta ɗan girgiza. Muna bakin titi da takwararki, 'yata Ummi, a fili, inda ya fi ko'ina aminci. Wallahi sai na sungume ta na ruga cikin bene. Mutane na tsere wa ginin, ni ina kutsawa. Duk karatuna bai zo ba, muryarki ce ta zo.

Allah ya tsare. Amma tun ranar ina jin tsoro, Inna. Ba ƙasar kaɗai ba, ƙafafuna ma tsoronsu nake ji.

Na yanke shawara. Jibi Yaya Sabo zai tari Ummi a Kano, ya wuce da ita Gaya, inda ɗaki yake ɗaki. Ta yi kuka. Ni ban yi a gabanta ba.

Wani abu guda ke ɗan kwantar min da hankali. Awonmu ya nuna Afirka gaba ɗayanta tana matsowa wajen nan, a hankali, kamar tohon farce. Ashe har Balan, har inda kike kwance.

Allah ya yalwata miki kabari, ya riƙe mana ƙasar nan, ya haɗa ni da 'yata lafiya.

Ki yi ta matsowa, Inna. Ina nan.

'Yarki,
Binta