Yadda Ƙara Ɗaya Ta Ci Majemar Baba

Mahjar, Jidda,
Safar 1394.

Zuwa ga yayana Rafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk 'yan uwa na Wad Madani. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Inna da ke tashi duk ranar da danshin teku ya yi yawa. Har yanzu ta ƙi maganin asibiti, sai man da ka aiko mata, wanda ni dai ban ga abin da ya raba shi da man gyaɗa ba. Maiɗakina Zakiya ta sauka lafiya, an samu mace, mun sa mata Sharifa. Hancinka ta ɗauko, Allah Ya ba ta haƙurin zama da shi.

Yaya, maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗi ba ce. An yanke mana hukuncin tashi daga majemar Baba. Zan faɗa maka yadda aka yi, ka auna da kanka, don ni na auna har kaina ya ɗau zafi.

Ka tuna bara hukuma ta ce duk majemun Mahjar su koma Madinar Masana'antu, wai wari da ruwan jima sun dami masu gidaje. Kowane kamfani a cikinmu ya shigar da kokensa, kuma hujjarmu a fili take: mun riga gidajen zuwa. Sa'ad da Baba ya haƙa ramukanmu, kai shaida ne, babu komai a wurin sai yashi da karnuka. Alƙalin da aka ba maganar ya ce ƙararrakin duk kamarsu ɗaya, ba zai zauna yana jin zance guda daga baki daban-daban ba. Ya ce mu zaɓi ƙara ɗaya a saurara, a ajiye sauran, abin da aka yanke mata shi aka yanke wa kowa. Ban ga laifinsa a nan ba, mu aka bar wa zaɓi.

Muka taru bayan la'asar a gidan Alhaji Hamad, abokin Baba, wanda shi ne dattijon majema yanzu. Ka san al'adarmu, in fatun hadaya sun zo daga Mina babba ke fara ɗauka, in baƙo ya zo ciniki babba ke fara magana. Ko shayi ba a gama zubawa ba sai Saleh, mijin 'yarsa, ya ce ai babu wani zaɓi, wa zai shiga gaban dattijo a gaban hukuma? Kowa ya ce haka ne. Alhali babu wanda bai sani ba a ɗakin nan cewa Alhaji Hamad shi ya fi mu shekaru, amma majemarsa ita ce auta. Tsohuwar ya sayar da ita tuntuni, wannan kuwa ya haƙa ta ne bayan an cika unguwa, bangonsa na jingine da na mutane. Na buɗe baki zan yi magana, Abdulghaffar maƙwabcinmu ya danne mini gwiwa, ya raɗa mini cewa ayb ne, wato abin kunya, kada in kunyata sa'an mahaifina a cikin gidansa. Haka aka shafa fatiha, kowa ya sa hannu ya yarda.

Tun a ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Kai ka san Alhaji Hamad, in aka ba shi girma sai ya ƙi, a roƙe shi, ya sake ƙi, har sai an haɗa shi da Allah. Ran nan ko tari bai yi ba ya karɓa. Washegari kuma sai ga shi da muhami, wato lauya, wanda ya riga ya san sunan kowannenmu. Yaushe aka nemo shi, yaushe aka karanta masa mu? Na tambayi Saleh, ya yi dariya ya ce ni dai tun ina yaro ba na cin tuwo sai na juya shi na duba ƙasansa.

Ranar zama na je na tsaya a baya. Wakilin hukuma ya kawo maƙwabta, suka shaida cewa sun gina gidajensu kafin Alhaji Hamad ya haƙa rami ko ɗaya. Gaskiya suka faɗa. Ina jiran muhamin nan ya miƙe ya ce to akwai majemun da suka girmi unguwar, sai na ga yana gyaran igal, igiyar nan ta ɗaure mayafin kansa. Shi kuma Alhaji, mutumin da ke iya jayayya a kan fatar akuya guda har a kira magariba, yana zaune yana gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi. Alƙali ya yanke da abin da aka sa a gabansa: gidaje sun riga majema, umarnin tashi ya tabbata. Na bi magatakarda har bakin ƙofa ina ce masa tamu daban ce, a zo a ga ramukan Baba, a tambayi tsofaffin unguwa. Ya amsa mini da mutunci, ya ce halas, wato magana ta ƙare, mu da kanmu muka yarda ƙarar Hamad ta tsaya mana, ba a buɗe tamu ba kuma ba za a buɗe ba. Wallahi Yaya, da an ji mu aka kayar da mu, da bai yi mini ciwo haka ba.

Cikin makon nan na je Madinar Masana'antu in ga abin da ake nema. Ba wurin irinmu ba ne. Sai tankunan siminti da inji da magudanar ruwa, ramin ƙasa ba su san shi ba. Ina zagayawa na ga wani dogon gini an gama rufinsa, tankuna jere sun bushe ƙarau. Mai gadi ya ce na Alhaji Hamad ne. Na ɗaga kai, tattabaru har sun yi sheƙa a rufin sun ƙyanƙyashe. Hukuncin da aka yanke cikin watan nan, ka gaya mini yaushe aka yi ginin?

Da na faɗa wa Inna sai ta ce in kama bakina, mutumin nan da kafaɗarsa ya ɗauki makarar Baba. Ta ce mai yiwuwa hangen nesa ya yi, ya ga ba za a ci nasara ba ya shirya. Mai yiwuwa. Ba ni da shaidar da zan kai gaban kowa, kuma ba na so in ɗauki alhakinsa. Amma in ya hango, me ya hana shi gaya wa 'ya'yan abokinsa? Me ya hana shi cewa a sa ƙarar majemar da ta fi daɗewa?

Ranar Juma'a ya zo da kansa, ya zauna a zaure, idonsa har da ƙwalla, ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa Allah bai nufa ba. Ya ce in kawo ma'aikatanmu ya zama kafilinsu, mai tsaya musu a wurin hukuma, ni kuma in riƙa duba masa tankuna. Ka san iƙamarsu, takardar zamansu a ƙasar nan, a kan lasisinmu take, ranar da lasisin ya mutu jirgi za a sa su a mayar da su gida, har da Usman da ya yi furfura a ramukan nan. Na dubi wannan, na yi masa godiya, har na raka shi bakin mota na buɗe masa ƙofa. Ya ce in gaishe ka, kuma bagaruwar da kake ɗoro mana daga Bur Sudan, daga yanzu ka riƙa rubuta sunansa a buhunan. Wannan kai za ka yanke, ni nawa na riga na haɗiye.

Ka gaishe mini da Yaya Khadijatu da Baffa Abdulwahid da Gwaggo Rabi, ka shafa mini kan yara. Inna ta ce ka riƙa sa mu a addu'a, Zakiya na gaishe ku da kyau. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninka,
Na'ibi, wanda ranar Asabar zai fara aiki a majemar Alhaji Hamad.