Ƙoƙon da Jatau ya miƙo mini

Daren Lahadi, lokacin kaka, 1967

Yau aka yi gayyar yankan dawa a gonar ƙanena Jatau. Na je don kada a ce har yanzu ina riƙe da maganar iyakar gona da ya ci mini. Ina kuwa riƙe da ita.

Da aka tashi aiki aka fito da tulunan giya, Jatau ya cika ƙoƙon farko ya miƙo mini. Ni ne babba, ba mai sha sai na kurɓa. Na ce ba ni sha.

Ya ce, "Yaya, tuba ka yi ba mu da labari? Ko fushin ne?"

Aka kwashe da dariya. Na ciro ƙwayar barcina na nuna musu. Likitan Malumfashi ya ba ni ita, don tun mutuwar matata ba ni runtsawa. Sau uku yana faɗi: guda ɗaya da dare, kada in ba kowa, in kuma na haɗa ta da giya ina iya yin barcin da ba farkawa.

Na ce, "Jatau, iyaka ka ci. Sauran gonar sai ka jira, ban shirya bar maka ba."

Na tsiyaya wa kakanni rabonsu a ƙasa, na mayar masa da ƙoƙon. Shi ma sai da ya dara, ya aiko mini da cinyar akuya.

Maƙogwarona ya so giyar nan, ba ni musu. Amma na ci nama, na haɗiye ƙwayata ɗaya da ruwa. Gobe da sassafe ina cikin gonata a tsaye, don Jatau ya gani da idonsa.