Ranar da Motar Baba Ta Tashi

Goggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya ƙara miki lafiya, ya sassauta miki ciwon bayan nan. Yara suna lafiya, mai gidana ma yana gaishe ki. Amma Goggo, gidanmu ba lafiya, kuma gara ki ji daga wurina.

Kin san tsohuwar motar Baba, wadda ke kulle a gareji shekara talatin da ɗaya tun rasuwarsa. Auta, da yake yanzu cikakken makanike ne, ya turo ta tsakar gida ya yi wata bakwai a kanta. Ya kwashe sheƙar ɓeraye daga injin, ya wanke tanki, ya sauya filogi da tayoyi. Birki kaɗai ya rage. Yaya Babba kuwa ko sifana bai taɓa miƙa masa ba, amma ranar Asabar sai ga shi ya sha ado, wai shi ne magajin Baba, ba mai murza makullin nan kafin shi. Auta ya ce ya yi haƙuri, birki bai kama ba tukuna, kuma a giya ya bar ta don kada ta gangara. Yaya ya ɗauke shi da mari, ya shaƙe shi, ya buga kansa da bonet har makullin ya faɗi daga hannun Auta. Auta na gaban motar yana tofar da jini, Yaya ya ɗauki makullin ya shiga ya murza. Motar ta zabura ta haɗa ƙafar Auta da bango. Har yanzu ina jin ƙarar ƙashin a kunnena.

Inna ba ta yi kuka ba. Taɓarya ta ɗauko ta farfasa gilasai da fitilun motar, ta lotsa ƙofofi, sannan ta yi kan Yaya, sai da maƙwabta uku suka riƙe ta. Ni kam na tsane shi, Allah ya yafe mini.

Likita ya ce gobe za su yanke ƙafar. Da Auta ya farfaɗo bai tambayi ƙafarsa ba, tambayata ya yi ko injin ya tashi. Na ce ya tashi. Ya yi murmushi, ya ce in lulluɓe ta da tamfal kada rana ta ci fentin kafin ya dawo ya gama birkin. Na ce to.

Ki gaishe da Kawu da Yaya Ƙarama da jikoki. Don Allah ki zo, Goggo, duk cikinmu an rasa mai iya faɗa masa maganar ƙafar da abin da ya sami motar.

Taki,
'Yar ɗan'uwanki